Ranar da Aradu Ta Sauka a Maƙera

Dalilin da ya sa fartanya ta sunkuyar da kai, dagi kuwa ya miƙe ƙiƙam, shi za ku ji yau, tunda kun dawo daga makaranta kuna ta "kusurwa, kusurwa," sai ka ce malaminku ne ya ƙago ta da alli. Ga wanda ya san asalin abin zaune da sabuwar hularsa, ba wanda ya tambaye shi. Ba komai. Ku matso.

A can da, kayan aikin ƙarfe duk miƙaƙƙu ne sambal. Ruwan ƙarfe da ƙotarsa layi guda suke, kamar sanda. Sai dai a caki ƙasa, ba a iya jawo ta, ciyawa kuwa sai da hannu.

A wani gari akwai maƙeri mai suna Shekarau. Wata damina ciyawa ta taso ta shaƙe gero har ya fara ja. Sarkin Noma ya zo maƙera ko sallama babu.

"Shekarau, kullum muna ba ka dami kana ba mu sanduna. In geron bana ya mutu, ka tattara ka bar mana gari."

"Ranka ya daɗe, a maƙerar nan aka haifi kakana."

"To ka ɗauke ta a ka."

Shekarau ya dubi sababbin ƙarafansa huɗu da ke jingine da bango, Fartanya da Gatari da Hauya da Dagi. A zamanin nan ƙarfe yana magana. Dagi ya ce, "Baba, kada ka dube mu, yadda ka yi mu haka muke."

Takaici ya kama Shekarau. Ya zauna ya kama zugazugi, ya yi ta zuga ba tare da ya san me zai ƙera ba. Wuta ta tashi tana ruri, rurin ya wuce rufin rumfa, ya wuce kan kuka, ya shiga cikin hadarin da ya haɗo da la'asar.

Sai gari ya yi tsit. Tsuntsaye suka daina kuka, awaki suka kwanta. Wani farin haske ya tsaga sama, ya sauko a hankali ya tsaya a bakin maƙera. Aradu ce da kanta, doguwa har kanta na taɓa gajimare, ƙasa na tafasa inda ta taka.

"Wane ne ke kwaikwayon muryata a nan?"

Shekarau ya zube ƙasa. Ta gefen ido ya ga zafinta ya mai da ƙarafan nan jajur, sun yi laushi kamar ƙullu, amma suna tsaye kamar ba su ga babba ba. Ya yi musu raɗa: "Kai, ku gai da baƙuwa mana, za ku ja mini!"

Fartanya mai ladabi ce, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙotarta. Gatari ya duƙa daidai rabi, bai rage ba, bai ƙara ba. Hauya, doguwar nan da ake noman tsaye da ita, girman kai gare ta, sai ta ɗan karkata kawai ta ce, "Sannu." Dagi mai bakin nan kuwa tsoro ya sandarar da shi, ko motsi.

Aradu ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta yi dariyar da ta girgiza duwatsu. "Kowa ya zauna a kan gaisuwarsa." Ta koma sama, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya sauka a kan ƙarafan nan masu zafi, cuuu! Kowa ya daskare yadda yake.

Shekarau ya ɗora hannu a ka, an lalata masa kaya. Da ruwa ya ɗauke, Sarkin Noma ya dawo, ya ɗauki Fartanya yana juya ta. "Yanzu kuma karkatattu kake ƙera mana?" Don haushi ya kafta ta a ƙasa ya fizgo. Sai ga ƙasa da ciyawa da saiwarta sun biyo ta har kan ƙafarsa. Ya tsaya baki buɗe. Ya sake kaftawa. Sai ya nufi gona da ita da gudu, rigarsa na tashi. Geron shekarar nan har rumbu ya kasa ɗauka, Shekarau kuwa a maƙerar kakansa ya tsufa.

Shi ya sa har yau in ka dubi tsakanin ruwan fartanya da ƙotarta za ka ga matsattsiyar kusurwa, ba ta kai digiri casa'in ba. Ta gatari casa'in cif, irin ta lungun ɗaki. Ta hauya buɗaɗɗiya ce, ta wuce casa'in. Dagi kuwa miƙaƙƙe, ɗari da tamanin, har yanzu bai farfaɗo ba. Ke kuma Talatu, gaisuwar hauya kika yi mini ɗazu. Na gani.