Farin Tayil a Kicin ɗin Najiba

Awaisu mutumin Tsiga ne, manomi kuma mai sayen hatsi. Ba shi da rowa, wannan kam kowa ya shaida. Amma yana da wani hali mai ƙona rai: da zarar ya sa abu a ransa, maganar kowa ta zama iska, musamman idan daga bakin mace ta fito. Matarsa Najiba awara take yi, kullum tiya huɗu ta waken suya, kuma duk unguwar babu wanda bai san awararta ba.

Shekarar da masara ta yi kyau, Awaisu ya je Funtuwa taya wani abokinsa murnar sabon gida. Aka zagaya da shi har kicin, ya ga farin tayil mai sheƙi, mutum na ganin fuskarsa a ƙasa. Tun kafin ya iso gida ya gama yanke hukunci.

Da ya gaya wa Najiba, ta yi godiya, sannan ta ce, "Baban Bushra, in dai don ni za a gyara, a yi mini siminti mai kaushi, a karkata shi wajen rariya. Ka san idan na ɗaure awara a buhu na danne da dutse, ruwa ke bin ƙasa har azahar."

"Siminti?" in ji shi. "Sai ka ce ɗakin awaki! Ke dai ba ki san ci gaba ba."

Ya kira Malam Dogo magini. Dattijon ya jiƙa hannu ya shafa tayil ɗin, ya girgiza kai. "Alhaji, wannan na falo ne. Akwai mai kaushi, shi ake sa wa wurin da ruwa ke zuba."

"Malam Dogo, aiki na kira ka ko wa'azi?"

Haka aka shimfiɗa shi. Ita ma rariyar ya sa aka toshe ta, wai tana ɓata wa wurin kyau. Mutumin da bai taɓa sauke tukunya daga wuta ba, shi ya tsara wa mai tukunya inda za ta taka! Ya ɗauki hoto a waya, ya yi ta nuna wa 'yan majalisarsu, ana ta "Masha Allah", shi kuma yana ta washe baki.

Cikin mako guda Najiba ta zame sau biyu. Ba ta yi ƙorafi ba, sai ta samo tsofaffin buhunan masara ta shimfiɗa tun daga bakin murhu har ƙofa. Ranar da Awaisu ya leƙo ya gansu, ransa ya yi mummunan ɓaci.

"Na yi miki abin da babu irinsa a garin nan, ki rufe min shi da tsumma?"

"Don Allah ka bar min su, Baban Bushra. Wallahi santsi ne da shi."

"Ki koyi tafiya a hankali mana!"

Da hannunsa ya tattare buhunan ya watsa bayan gida.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Najiba ta ɗauko tukunyar madarar waken suya tana tafasa za ta sauke. Ruwan awarar farko ya riga ya malale ƙasa, ba shi da hanyar fita. Taku biyu ta yi, ƙafarta ta tafi. Tukunyar ta biyo ta, ta kwarare mata daga kafaɗa har yatsun hannun dama. Ihunta sai da maƙwabta suka ji.

Sati bakwai ta yi a asibiti. Fata ta warke, amma yatsu uku suka ƙanƙance, ba sa miƙewa, ba sa damƙa. Hannun da ke tace wake ya matse buhu, yanzu ko ludayi ba ya riƙewa. Masu sayen awara suka yi ta sallama suna komawa, har suka daina zuwa.

Ranar da aka sallamo ta, Awaisu ya shigo ɗakinta da tayil iri uku masu kaushi, ya jera a gabanta, kansa a ƙasa.

"Najiba, za a fasa wancan. Ki zaɓi wanda kike so."

Ta kalle su. Sannan ta ɗago hannun nan ta nuna masa.

"Yanzu kake tambayata? Ka sa wanda ka ga dama, Baban Bushra. Me zan shiga in yi a ciki?"

Ya tattare tayil ɗin ya fita.

Jama'a, mu ji tsoron Allah a kan iyalanmu. Idan za ka gyara wurin da wani ke aiki, shi za ka fara tambaya, domin shi ya san inda ruwa ke bi da inda ƙafa ke zamewa. Alherin da aka yi don a burge mutanen waje, aka toshe kunne ga mai amfani da shi, ba alheri ba ne, girman kai ne. Tayil ana fasa shi a sake wani, amma hannun da ya nakasa babu maginin da zai gyara shi.