A Dawo wa Alhaji da Fim Ɗinsa

An yi wani Cindo, mai tura wa mutane fina-finai a waya a bakin tasha. Ran nan Alhaji Nadabo ya maka shi a kotu, don Alhajin ya shirya fim ya sa masa makullin hana kwafa, amma tun kafin ya kai shi kasuwa gari ya gama kallo.

Alƙali ya ce, "Cindo, ka dawo wa Alhaji da duk kwafin da ya fita, ko ka tafi gidan yari."

Cindo ya san fim ɗin nan har Agadas ya kai. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, zan dawo da su. Sai dai fina-finan da yawa. Alhaji ya tuna mini wanne ne."

Alhaji ya gyara riga, ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe, har waƙar ciki sai da ya rera. Kowa a kotu ya baza kunne.

Cindo ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shi Alhaji ya tura wa kotu kaf, kyauta. Ya kwaso nasa daga kunnuwanku in ga yadda ake yi, sai in bi sahu."

Alƙali ya buɗe baki ke nan, sai wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu, da waƙar nan dai.

Cindo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ko in fara da ta kusa?"