Injin Jirgin Tiga a Garejin Auwalu

Akwai wani makaniki a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Auwalu. Shekara ashirin yana gyaran mota, kuma ya iya, ba wanda ke musun wannan. Matsalarsa ɗaya ce: ya ɗauka duk abin da ke shan fetur a duniya ya san shi.

Wata Litinin da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar garejinsa, aka sauke injin jirgin ruwa. Mai shi wani dattijo ne, Malam Bashir, da ke fiton mutane a dam ɗin Tiga. Ya ce injin lafiya lau yake tashi, amma in an murɗa makulli a kashe shi, sai ya ci gaba da aiki abinsa. Sau biyu jirgin na dukan gaɓa da fasinja a ciki.

Ya ƙara da cewa masu fito goma sha ɗaya ne suka turo shi gwaji. In wannan ya gyaru, duk injinansu nan za a dinga kawowa.

Auwalu ya ji goma sha ɗaya, sauran bayanin bai shiga kunnensa ba. Dattijon ya fara faɗin yadda yake yi in injin ya ƙi mutuwa, sai ya katse shi.

"Baba, kai naka tuƙi ne. Je ka zauna a inuwa."

Ya yanke hukunci cewa wajen makullin ne ya lalace, ya hau babur ya nufi Tarauni, shagon Izunna, mai sayar da kayan gyara kuma mai gyaran janareta. Izunna a bakin kogin Neja ya tashi, babansa ma ɗan fito ne. Da ya ji irin injin, sai ya ce ba ya jin matsalar daga makulli take. Irin wannan inji da kansa yake haɗa wutarsa, ba ruwansa da batir in ya tashi. Akwai wata 'yar waya da ke sauke wutar idan an kashe, ita ya kamata a fara dubawa.

"Kuma Oga Auwalu, kar ka tashe shi sai a cikin duro cike da ruwa. Da ruwan yake sanyaya kansa. Kar ka sa giya."

Auwalu ya yi murmushi. Ya ce shi bai zo makaranta ba, sayayya ya zo, kuma ranar da zai nemi karatu ba wajen mai gyaran janareta zai fara ba. Izunna ya miƙa masa abin da ya tambaya, ya ce Allah ya ba da sa'a.

A gareji aka samo duro. Ruwan rabi ne, don mai ruwa bai biyo ba, Auwalu kuma ya ga rabi ma ruwa ne. Ya sa sabon makulli, ya ɗaure injin a bakin duron, ya tashe shi. Da ya ga masu shaguna sun fara taruwa kallon abin da ba su saba gani ba, sai ya sa giya ya ba shi wuta, don a san aiki ya yi kyau.

Farfela ta fara watso ruwan waje. Auwalu ya rage wuta, ya murɗa makulli.

Injin bai ji ba.

Ya sake murɗawa. Ya cire kan batir, kamar yadda ya saba yi wa tsofaffin motoci, ya ɗaga wayar sama kowa ya gani. Injin ya ci gaba da kuka.

Nan take aka samu masu bayani. Wani tela ya ce ai daman abin ruwa ba ya tahowa shi kaɗai, aljanin dam ne ya biyo shi tun daga Tiga. Wani ya fara tofa addu'a daga nesa, nesa sosai. Babu wanda ya leƙa duron, inda ruwan ya kusa ƙarewa.

Malam Bashir ya taso daga inuwa zai zare tiyon mai, abin da yake yi kullum ke nan. Auwalu ya tare hannunsa.

"Na ce ka zauna, Baba. A gaban mutane za ka koya mini aikina?"

Ya ɗauki sukundireba yana neman abin da bai san kamarsa ba. Wari ya fara tashi, sannan hayaƙi. Da ya haƙura ya zare tiyon da kansa, man da ya rage a ciki ya isa ya ƙarasa ɓarnar. Injin ya yi wata ƙara mai nauyi, ya tsaya. Ya buga, cikinsa ya ƙone.

Tela ya ce aljanin ya fita.

Malam Bashir bai yi faɗa ba. Ya ɗan tsaya yana kallon injin da ya ciyar da gidansa shekara tara, sannan ya tambayi inda aka sayo makullin. Aka kwatanta masa.

Da aka kai injin shagon, Izunna ya buɗe murfin, ya nuna wa dattijon wayar nan, tsatsa ta cinye bakinta ta tsinke. Gyaranta bai fi minti biyar ba. Gyaran abin da aka yi wa injin a Gyaɗi-Gyaɗi kuwa sai da ya ci sati uku, kuma duk tsawon lokacin dattijon da filafili yake fito, mutum huɗu-huɗu maimakon ashirin.

Bayan wata guda, Auwalu na kwance ƙarƙashin wata mota sai ya hango a-kori-kurar nan ta taho, injina uku a bayanta. Ya fito da sauri yana goge hannu a riga. Direban ya rage gudu, ya leƙo, ya tambaye shi hanyar da ta fi sauƙi zuwa shagon Izunna.

Auwalu ya nuna masa. Hanyar dai ya santa.

Darasi: Ƙwarewa a abu ɗaya ba ta zama ƙwarewa a komai. In mai kaya yana bayani, ka bari ya ƙarasa, in wanda ka raina ya ba ka shawara, ka duba shawarar kafin ka duba shi. Ku tura wa wanda kuka san yana buƙatar jin wannan, ko da zai ce ya riga ya sani.