Rubutun da ke jikin caja

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku ɗan ba ni aron minti biyar.

Akwai wata mata mai ɗinki da sai da ta girma ta koyi karatu. Tunda idonta ya buɗe, ba ta barin rubutu ya wuce ta. Kwalin magani, buhun gishiri, bayan kwalbar man keke, duk sai ta tsaya ta bi su harafi harafi da ɗan yatsa. Shi ya sa mutanen gidan suke ce mata Karanta-Komai.

Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya sa musu sola: faranti a kan rufi, manyan batura biyu a lungun baranda, da inbata, akwatin nan mai ƙugi da ke mayar da wutar batir irin ta soket.

Autarsu tana neman shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma jarrabawar ta intanet ce, ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. An gaya musu a fili: duk wanda intanet ɗinsa ya yanke ya wuce minti biyu, shafin zai rufe, sai kuma baɗi. Ga shi sabis ɗin waya ba ya shiga cikin gidan, sai ta rauta, na'urar da ke raba intanet a cikin gida, wadda eriyarta ke can saman rufi.

Matsalar ita ce an shiga kwanakin hadari. Rana ba ta fitowa sosai, batura ba sa cika. Da hantsi sai inbatar ta yi tsuwa sau uku ta mutu, rauta ta bi ta. Sun kashe firji, sun kashe talabijin, duk da haka sai ta ɗauke.

Ranar Litinin ƙanin mijinta ya zo. Shagon kayan wuta yake jira, amma shi da kansa ya sa wa kansa Injiniya.

"Matar Yaya, wannan ai ba aiki ba ne," ya ce yana naɗe hannun riga. "Rauta wutar batir take ci. Sai mu yanke cajarta mu jona ta da batir kai tsaye, inbata ta je ta yi ta mutuwarta."

Abin ya ba ta sha'awa. Ta ɗauki cajar ta kai kusa da taga, ta karanta ƙananan rubutun. Ta je ta tsuguna gaban inbatar ita ma ta karanta.

"Injiniya, a jikin caja na ga sha biyu da harafin V. A jikin inbata kuma ashirin da huɗu. Me ya raba su?"

Ya yi dariya har da dafa bango. "Dubi jikin batir. Sha biyu ko? To sha biyu da sha biyu sun haɗu. Ke dai ki je ki karanta mana kwalin ashana."

"Ni dai tambaya na yi. Baturan nan biyu ne, kuma ga waya ta haɗa su."

"Matar Yaya, na taɓa gaya miki yadda ake yanka wuyan riga?"

Ta ja gefe ta ba shi wuri. Ya yanke wayar cajar, ya fere bakinta, ya ɗora a inda inbata take shan wuta. Fitilun rautar suka haska gaba ɗaya, aka ji ɗas, sai ƙaurin roba ya cika barandar.

Auta ta fito da littafi a hannu. Ta dubi rautar, ta dubi baffanta, hawaye suka zubo mata. Shi kuwa ya ce dama kayan yanzu ba su da ƙarko, ya tuna yana da wani uzuri, ya sa takalmi ya fice.

Uwar ta yi alwala ta yi azahar, ta naɗe rautar da guntuwar cajar a ɗankwali, ta nufi wurin wani tsoho mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Rumfarsa cike take da matattun rediyoyi, shi kuma yana zaune da tabarau ɗaure da zare.

Ya buɗe rautar ya shinshina. "Wa ya ɗura mata wuta haka?"

"Baba, ƙaddara ce. Amma don Allah ka fahimtar da ni. Batir sha biyu, rauta sha biyu. Ina aka samu ƙari?"

Ta kwashe yadda baturan suke da yadda ƙanin mijinta ya jona wayar ta gaya masa. Tsohon ya ɗago ya dube ta da kyau. Ya jawo wani kwali ya zana batura biyu. "'Yata, in aka jera su bakin wannan a gindin wancan, ƙarfinsu haɗuwa yake. Sha biyu da sha biyu nawa?"

"Ashirin da huɗu." Ta dafe ƙirji. "Shi ne abin da na gani a jikin inbata!"

"Kin gani kuma kika bari?"

"An ce in je in karanta kwalin ashana."

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Ita kuwa ta gyara zama, tambayoyi suka ɓalle. Me ya sa caja take zafi? Me ya sa inbata take mutuwa alhali da sauran wuta a batir?

"Inbata tana juya wutar batir ta zama ta soket, caja kuma ta sake juyo ta ta koma ta batir," in ji shi. "Kamar ki ɗebi ruwa a randa, ki zaga bayan gida da shi yana zuba, ki dawo ki miƙa wa wanda ke zaune a gindin randar. Zafin da kike ji, wutar da ta zube ce. Ita inbata cikinta babba ne, da wuta ta yi ƙasa sai ta yi fushi. Rauta kuwa kurɓi ɗaya ya ishe ta. Dabarar mutumin naku daidai ce, gaggawa ce ta kayar da shi."

Allah ya taimaka, wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone a bakin shigar wuta, ya tare wa sauran. Tsohon ya ciro irinsa a wata matacciyar na'ura ya liƙa. Sannan ya ba ta wani ɗan akwati kamar sabulu, mai rage ashirin da huɗu zuwa sha biyu, da fiyus da za a sa a jar waya.

"Duk wanda zai jona, ya auna da mita kafin rauta ta taɓa waya. Ko ni ne."

Da ta dawo, Auta ta ce, "Mama, kar dai ki ce Baffa za ki sake kira."

"Shi ke da mita, shi ke da hannun aikin. Kuma in ban kira shi yau ba, kunya za ta hana shi gidan nan har shekara."

Sai da ta kira sau uku ya ɗauka. Ya shigo yana sosa ƙeya, ba ya haɗa ido da kowa. Ta miƙa masa kwalin da tsohon ya yi zane. "Baba mai gyaran rediyo ya ce dabararka daidai ce. Wannan ɗan akwatin ne ya rage."

Ya daɗe yana kallon zanen. Ya kashe makunni, ya sa fiyus, ya jona akwatin, ya ɗora mita. Sai ya juyo mata da fuskar mitar. "Matar Yaya, duba min. Nawa kika gani?"

"Sha biyu."

Fitilun rauta suka kama ɗaya bayan ɗaya, koraye.

Ranar Alhamis gari ya waye da hadari baƙi ƙirin. Auta ta zauna gaban kwamfutarta da ta cika da caji. Uwar tana bakin ƙofa da carbi, Injiniya yana tsugune gaban batura kamar mai jinya.

Ƙarfe goma da rabi inbatar ta yi tsuwa sau uku ta mutu. Fanka ta tsaya. Uwar ta ɗaga ido zuwa inda rautar take. Fitilun suna nan suna ƙyaftawa.

Auta ba ta ma ɗago kai ba. Sai sha biyu saura ta ture kujera ta ce, "Mama, na tura. Ya shiga."

Uwar ta ce Alhamdulillah, ta share ido da gefen mayafi. Da Auta ta tambaya ko an ɗauke wuta ne ta ji zafi, baffanta ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya.

Darasi: Tambaya ba ta rage wa kowa daraja, amma raina mai tambaya yana iya ƙona abin da ake tattali. Kuma in ɗan uwanka ya yi kuskure, ka bar masa ƙofar da zai dawo ya gyara. Allah ya raba mu da girman kai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sola a gida.