Sarkin Ruwa Nomau da Gaiwar Busasshen Tabki

A wani gari na masunta da ake kira Tungar Gawo, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Nomau. Shi ke sa ranar shiga su, shi ke raba faɗan masunta. Mutum ne mai fara'a, mai ci kuma, don bai taɓa tashi ya bar loma a akushi ba.

Wata shekara damina ta yi rowa, tabkin garin ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage, jirage suka kwanta a tudu. Dattawa suka ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Nomau ya faɗa musu ko a zauna ko a watse. Tun daga nan bawan Allah ya daina ci, ya daina barci. Matarsa Tabawa ta kawo tuwo, ya ce ta ɗauke. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce ta cika surutu. A ransa kuwa ya riga ya yanke: zai ce kowa ya ɗaure kayansa, garin kakanni ya zama kufai.

Ranar Juma'ar da hantsi ya shiga tsakiyar tabkin yana zagaye, yana caka sandarsa a ƙasa don haushi. Sai sandar ta ɓantaro wani curin laka, ga gaiwa a ciki a naɗe, kifin nan da ke shigewa laka in ruwa ya janye, ta yi lamo har damina ta dawo.

Gaiwa ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Wane marar aikin yi ne ya yaye mini rufin ɗaki?"

Nomau ya ja da baya ya ce, "Ni ne, Sarkin Ruwa."

Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ce, "Ranka ya daɗe, sarkin wane ruwa?"

Dariya ta so ƙwace masa, kuka ya riga ta. Ya zauna dirshan ya zayyana mata damuwarsa. Da ya gama ta ce, "Mu gaiwa in rani ya yi tsawo jikinmu muke ci, amma kaɗan-kaɗan, don mu kai damina. Kai har ka cinye naka, dubi wuyanka kamar na zalɓe. Gyara zama in ba ka labarin Kuluwa mai ginin tukwane."

Ya ce, "Ina jin ki."

Gaiwa ta ce: An yi wata mata Kuluwa da ta koyi ginin tukwane wajen gwaggonta Yalwa. Maginan garinsu ba sa kwaɓa yumɓu sai sun daka tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, sun zuba a ciki. Da Kuluwa ta fara nata ginin sai ta ce ita ba za ta zuba shara a yumɓunta ba, tukunya take so sumul kamar ƙwai. Ta gina randuna da tuluna gwanin kyau. Ranar gashi maƙwabta suka taru kallo. Wuta na kamawa sai ka ji tas! tas! Har kaji suka tsere. Ko murfi bai tsira ba.

Kuluwa ta ɗora hannu a ka. Ta ce laifin itace ne, ta ce iska ce, ta ce bakin mutane ne, ta rantse ita da yumɓu har abada. Tana cikin haka gwaggonta ta shigo da ƙwaryar fura ta ce, "'Yar nan, kin karya kuwa?"

"Haba Gwaggo! Ana maganar tukwane kina maganar karin kumallo?"

"Ungo, sha. Kina sha ina ba ki labarin Azumi da ƙwaryar ruwa."

Gwaggo Yalwa ta ce: Azumi wata mata ce da gidanta ke nesa da rijiya. Kullum ta ciko ƙwarya fal, ta taho da sauri, kafin ta iso gida ta yi wanka da rabin ruwan. Ta ce laifin hanya ne, ta sa mijinta Jatau ya kwashe duwatsun hanyar kaf. Ruwa bai fasa zuba ba. Ta canza gammo, ta canza ƙwarya, duk ɗaya. Ran nan ƙawarta ta gan ta tana ƙunƙuni a bakin rijiya, sai ta tsinko ganyen kalgo ta yaɓa a kan ruwan ta ce, "Je ki, kuma ba korar ki ake ba." Azumi ta iso gida da ruwa cike, zanenta a bushe. Jatau ya riƙe ƙugu ya ce, "To ni da bayana ya ƙage fa?" Ta ce, "Sannu da aiki, maigida, ai hanya ta yi kyau."

Gwaggo ta ce, "Kin ji, 'yar nan. Hanya ba za ta daina gargada don ke ba. Abin da ke kanki shi za ki fara kwantarwa."

Gaiwa ta ci gaba: Kuluwa ta shanye furar, ta yi barci. Da ta tashi gwaggonta ta miƙa mata taɓarya, ta nuna tarin fasassun tukwanen ta ce, "Daka. Waɗannan sun san wuta, su za su koya wa sabon yumɓu jure ta." Ta daka, ta kwaɓa, ta gina. Tukwanen ba su yi sumul ba, amma sun fito daga wuta suna amo.

Nan gaiwa ta dubi Nomau ta ce, "Kai ma ka ɗauko gari a ka kana gudu, kana fantsama wa kowa. Ganyenka tuwo ne da barci da bakin matarka da ka rufe. Tsingaronka kuwa kana zaune a kansa. Sa hannu inda ka tono ni."

Ya zura hannu a ramin, ya ji sanyi, ya damƙo laka mai danshi. Ya murza ta a tafin hannunsa. Ya ɗaga kai ya hango jiragen nan da suka shekara suna yoyo, ba a sami sararin toshe su ba, ya gane yanzu ne lokacin gyaran su.

Ya ce, "Na ji, na kuma ɗauka. Babu inda za mu."

Ta ce, "Madalla. To mayar mini da rufina, ka bar 'yar kafa ta shan iska. Kada ka gyara gari ka kashe ni."

Ya rufe ta a hankali, ya kama hanyar gida. Tun daga zaure yake kira, "Tabawa! Tuwon jiya yana nan?"

"Wanda ka ce in ɗauke?"

"Shi. Ɗumamo shi kafin lokacin masallaci, ki zo ki faɗi abin da na hana ki faɗa."

Ta dire akushi a gabansa ta ce, "Da ma cewa zan yi ƙasan tabkin nan da danshi, a shuka wake da kankana kafin ruwa ya dawo."

Nomau ya dube ta, ya yi dariya har ya ƙware. Ta miƙa masa ruwa, ya sha, ya ce ta ƙaro miya.