Ƙwai Huɗu a Sheƙar Sarki Barmo

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda ya mulki Birnin Marake, birnin da ba shi da rijiya ko ƙorama sai wani tafki guda mai faɗin tafiyar yini. Tafkin na aljanu ne. Tun zamanin kakanni sarauniyarsu, wadda ake kira Uwar Tafki, ta ba wa fada tattabaru biyu farare, mace da namiji, bisa alkawarin cewa kowace shekara za su ƙyanƙyashe 'yan shila biyu kafin a ga watan girbi. Idan aka saɓa, ruwa zai janye har abada, kuma mai kiwon tattabarun zai bi shi.

Mai kiwon a wannan lokaci wata mace ce, Tasalla, wadda ta gaji aikin daga mahaifinta.

A wannan shekara namijin ya karye a ƙafa, ya warke da ɗingishi. Sarki Barmo ya gan shi, ya ce bai dace gurgu ya zauna a fadarsa ba. Ya sa aka kore shi, tsuntsun ya tashi ya nufi tsakiyar tafki. Aka kawo wata farar tattabara mai ƙaton ƙirji da fatake suka zo da ita daga gabas, aka haɗa ta da macen a matsayin namiji, aka kuma fasa tsohon kaskon da suke sheƙa a ciki, aka sa tasar zinariya a madadinsa. Tasalla ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi dogarai, ta haɗiye.

Ƙwan farko ya gangara a santsin zinariya ya fashe. Tasalla ta zuba tsinkaye a tasar a ɓoye. Bayan kwanaki ta leƙa da hantsi, sai ta ga ƙwai huɗu.

Tattabara ƙwai biyu take yi, ba ta ƙarawa. Ƙwai huɗu a sheƙa ɗaya ma'anarsa guda ce: baƙuwar nan ma mace ce, kuma babu rai a cikin ko ɗaya. Amma kafin ta tattara hankalinta labari ya kai zaure. Aka buga tambura, maroƙa suka ce albarkar Sarki ce ta ninka, aka yanka shanu.

Kwana goma sha takwas Tasalla tana kallon matan biyu suna kwanci a kan abin da ba zai fashe ba. Abinci ya daina shiga mata. Kullum ta je ɗibar ruwa sai ta tarar bakin tafki ya ƙara nisa, laka ta tsage, kifaye suna mutuwa a rana. A rana ta ashirin ta ɗaga ƙwai ɗaya ta girgiza a kunne, ta ji ruwan baragurbi yana motsi. Saura kwana talatin da biyu a ga wata.

Ta shiga fada ta faɗi gaban Sarki.

"Allah ya ja zamaninka, na zo da maganar da za ta iya cin wuyana. Ƙwayayen nan wofi ne. Tsuntsun da aka kawo mace ce. Na sani tun ranar tambura, tsoro ya hana ni faɗa."

Sarki ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Kin ƙaryata ni a gaban fadawana, 'yar mai tattabaru. Ba zan sa miki takobi ba, domin tafki ya riga ni neman ki. Je ki dawo da gurgun. In ba ki samo shi ba, kada ki wahalar da kanki da dawowa."

Duk masu fito suka ƙi ɗaukarta, sai wani mai suna Arzika, mutum mai ƙarancin magana. Ta ɗauki sabon kasko da damin tsinkaye da ƙwai ɗaya daga cikin wofin, ta ɗumama shi a ƙirjinta. Rana na tsaka suka kai wani tsibiri na baƙin dutse, inda babu iska, babu kukan tsuntsu, inuwar mutum ma ba ta fita.

Arzika ya ce, "Baiwar Allah, ni nan zan tsaya. Ba zan juya jirgin nan ba sai da ke."

Ta hau dutsen ita kaɗai. Sai ruwa ya miƙe tsaye a gabanta kamar bango, ya zama mace doguwa wadda gashinta ke zuba har cikin tafki, idanunta ba sa ƙiftawa.

Uwar Tafki ta ce, "Ya ke 'yar Adam, mun ba ku amana kun kore ta saboda ƙafa. Ga gurgun nan cikin jama'ata. Ki nuna shi sau ɗaya. In kin kuskure, a nan za ki tabbata."

Nan take dutsen ya rufe da fararen tattabaru dubu, kowace da ɗingishi a ƙafar hagu, kowace ta zuba mata jan ido. Tasalla ta duba ta sake dubawa, ba ta ga bambancin ko gashi ɗaya ba. Zufa ta jiƙa mata zane. Ta ji ruwa mai sanyi ya fara taɓa diddigenta, yana hawa.

Ta durƙusa, ta ajiye kaskon, ta shimfiɗa tsinkaye, ta ɗora ƙwan a tsakiya, ta ja da baya. Ta san abin da mahaifinta ya koya mata: macen tattabara ke kwana a kan ƙwai, amma da rana aikin namiji ne, kuma ba ya iya ganin ƙwai a buɗe ya wuce.

Ba abin da ya motsa. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Ta rufe ido ta fara salati. Can sai ta ji ƙaramin sauti na ƙafa a kan kasko. Ta buɗe ido, ta ga ɗaya daga can baya ya ratso taron, ya juya ƙwan da baki, ya buɗe gashin cikinsa ya zauna.

Ta nuna shi.

Sauran suka watse kamar hayaƙi. Uwar Tafki ta ce, "Ɗauke shi. Amma ban ƙara muku ko yini ɗaya ba."

Da ta gangaro ta iske ruwa ya cika jirgin Arzika har rabi, shi kuwa yana tsaye a ciki yana kwarfewa da ƙwarya, fuskarsa ta yi fari fat, bai motsa daga inda ta bar shi ba.

A fada ta cire baƙuwar da tasar zinariya, ta kafa kasko a lungu mai duhu, ta hana kowa leƙawa, har Sarki. Kwana goma macen ba ta yi ƙwai ba. A na sha ɗaya ta yi ɗaya, bayan kwana biyu ta ƙara. Tasalla ta ƙirga da yatsu, ta ga lissafin bai bar mata ko rabin yini ba. Tafki ya koma kamar kududdufi, mutane suka fara ɗaure kaya a kan jakuna.

Ranar ƙarshe da safe ƙwai ɗaya ya fashe. Ɗayan shiru. Ta zauna a ƙofar ɗakin har la'asar ta yi sanyi, ba ta yarda ta taɓa shi ba, domin ta san ɗan da aka ɓare wa ɓawo da hannu ba ya kwana. Rana ta yi ja, masu duban wata suka hau ganuwa. Sai namijin ya ɗaga ƙirjinsa kaɗan, ta hango ɗan baki rawaya yana turo ɓawo.

Kafin a kira magariba aka ji rugugin ruwa yana dawowa.

Washegari Sarki Barmo ya tara jama'a ya ce, "Ni na kori tsuntsun, ni na sa aka buga tambura a kan ƙwan wofi. Matar nan ta faɗa mini gaskiya tana tsoro, ta kuma ceci birnina." Ya naɗa ta sarautar tattabaru, ya ce ta roƙi abin da take so.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani mai fito. In ya aiko neman aurena, a karɓa."

Arzika ya aiko tun kafin azahar. Sarki da kansa ya yi mata walicci, aka yi biki kwana bakwai a bakin tafki, kuma a cikin jirgin nan da ya kusa nutsewa aka kai amarya ɗakinta.