Kogi a Akwatin Gilashi

Ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba ni zan yanke ta ba.

Akwai wani tsohon masunci mai suna Barmo, wanda bai taɓa kwana nesa da kogi ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, 'ya'yansa uku suka ɗauko shi tare da matarsa Kuluwa, suka kawo su Zariya kusa da asibiti. Magani ya karɓe shi, amma ya rufe baki ga abinci. Ba ya faɗa, ba ya gardama. A kawo koko ya kau da kai, a kawo romo ya lumshe ido. Likita ya ce in aka tafi a haka, yunwa za ta riga ciwon kai shi.

Kuluwa ta gaji. Ta gaji da dama koko tana zubarwa, ta gaji da 'yan dubiya, kowa da maganin da ya ji labarinsa. Ta kuwa san dalili. Tun tana amarya ba ta taɓa ganin Barmo ya karya kumallo ba sai ya tsoma hannu a ruwan da kifi ke yawo a ciki. Gai da ruwa yake ce wa abin, haka ya ga ubansa yana yi. Ta taɓa kai masa ruwa a ƙwarya, ya dube ta kamar ta zage shi. Jikinsa kuma ba zai ɗauki hanyar gida ba. Ta gaya wa 'ya'yan, ba don ta sa rai ba, sai don kada a ce ta yi shiru.

Babban, Sallau, direban a-kori-kura ne. Ya tuna ya taɓa ganin wani ƙaton akwatin gilashi na kiwon kifi a bayan wani otal da aka rufe, an yar saboda ya tsage daga kusurwa har ciki. Ya roƙi mai gadi ya bar masa, ya shimfiɗa katifarsa a bayan mota, ya tuƙo a hankali, masu mota suna zaginsa har gida. Da aka zuba ruwa, ya bi tsagar ya malale ɗakin. Kuluwa ce ta goge.

Na biyun, Jatau, sa gilashin taga ne sana'arsa. Ya ce shafa gam a kan tsaga ɓata lokaci ne, nauyin ruwa zai buɗe ta. Sai ya yanko wani gilashin, ya manna shi ta ciki ya rufe tsagar duka, ya hana kowa taɓawa har ya bushe. A wajen yankan ne gilashi ya datse masa babban yatsa. Akwati ya riƙe ruwa. Suka cika shi daga famfo, suka sayo kifaye masu launi irin na ado. Kafin gari ya waye duk sun juyo da ciki sama. Barmo ya shinshina, ya ce, "Wannan ruwan wanki ne." Kuluwa ce ta kwashe mushen.

Autar, Lantana, tela ce. Ta rufe kekenta, ta hau mota zuwa ƙauyensu. Ta shiga kogi har ƙugu, ta cika jarkoki da ruwa da taɓonsa da gansakukarsa, ta karɓi 'yan ƙananan tarwaɗa da ƙurungu a hannun tsofaffin abokan ubanta. A hanyar dawowa ta bar jarkar kifin a buɗe a kan cinyarta don su sha iska. Ruwa ya jiƙa ta, fasinjoji suna tsaki saboda ƙarni, kwandasta ya so ya sauke ta a daji.

Da safe aka jingina Barmo kusa da akwatin. Ruwan ya yi duhu, ba a ganin komai, ba kyan gani ko kaɗan. Ya ɗaga hannun da ke motsi, ya tsoma. Can sai ya zabura, ƙurungu ya soke shi.

"Ɗan banza," in ji shi, "har nan ka biyo ni?" Ya tsotsi yatsan, ya waiga. "Kuluwa, ina kokon nan?"

Kuluwa ba ta yi guɗa ba. Ta miƙa masa kofi, ta fita ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana kallon ƙafafunta.

Da ƙarfinsa ya fara dawowa, sai ya ce a ɗauko gorarsa ta su, wadda masunta ke hawa a kan ruwa, wadda ya gada daga ubansa, wadda ba ta rabuwa uku. Ya ce wa Kuluwa, "Ba wa wanda ya kawo min kogi. Ni ina kwance, ke kika gani."

Sallau ya ce, "Inna, ba don ni ba, a tafin hannu za su zuba ruwan?"

Jatau ya ɗaga yatsansa mai tabo. "Yaya, matankaɗi ka kawo mana. Ni na mayar da shi akwati."

Lantana ta ce, "Sannunku da aiki. Akwatin naku ai maƙabartar kifi ya zama kafin in zo."

Sallau ya ce mace ba ta hawa gora. Lantana ta ce ita ma ba ta taɓa ganin direba da mai taga suna hawa ba. Duk suka juyo suna kallon uwarsu, ita kuwa tana riƙe da gorar, ba abin da take so kamar ta ajiye ta ta kwanta.

To, jama'a, ku taya Kuluwa. A hannun wa za ta sa gorar nan?